Wurin Zamanmu a Filin Gwadabe

Wudil,
farkon watan Azumin Tsofaffi.

Zuwa ga ƙanena Halliru mai majigi, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, 'yarka Barakatu tana gaishe ka, maigidan ma da ya zo daga Lajawa cin kasuwar Juma'a ya ce a gaishe ka. In ka ga rubutun ya karkace kada ka yi dariya. Zuwana ajin yaƙi da jahilci ya tsaya tun ranar da na dawo gida jinyar Inna, kuma da hannun da na gama daka nake rubuta maka.

Bayan haka, zancen idon Inna ne. Na hagun ya tafi tun da kaka. Na daman ne ya rage, shi ma yanar ido ta fara rufe shi. Abu in babba ne kuma da haske tana ganinsa, amma jiya har gaida turmi ta yi, ta ɗauka Gwaggo ce ta shigo. Malamin asibiti ya ce a kai ta Kano, ta ce wallahi ba mai sa mata ƙarfe a ido. Na yi magana har bakina ya gaji, na bari.

Abu ɗaya take so, kuma a hannunka yake. Wai ka kawo majigin nan da Baba ya fito a ciki, ta ƙara ganinsa kafin idon ya rufe. Da safe shi ne, da yamma shi ne. In ta ji ƙugin lori a kan hanya sai ta ce, "Hansai, leƙa, ko motar Halliru ce." Ni kuwa in ajiye taɓarya in leƙa, in ga lorin gyaɗa.

Ka dai tuna Filin Gwadabe, ko Kaduna ta wanke maka kai? Can bakin kogi, gindin tsamiya, inda Gwadabe kafinta yake ƙera duk abin da ya gani a majigi. In an nuna jirgin ƙasa bana, baɗi sai ka tarar da nasa na katako, ƙafafun na gangar mai, samari suna turawa, shi kuma yana ihu, "Ikko! Ikko! Saura mutum ɗaya!" Ga jirgin saman da ya rataye a reshen tsamiya da igiyar rama, ga motar da ba ta zuwa ko'ina sai dai ka murɗa sitiyari kana yin ƙugin da bakinka. Duk ranar da motar majigi ta iso gari, Baba yakan ɗaure kwalekwalensa tun la'asar, ya ce yau ba fito, mai son haye kogi ya kwana a can. Ya saɓa ka a wuya, ya riƙe ni a hannu, Inna tana biye da tabarma da ƙwaryar dambu. Kifi yake miƙa wa Gwadabe, mu hau komai har mu ƙoshi. Kai ne ka yi amai a jirgin sama, ka ce iskar Ikko ce ba ta karɓe ka ba.

In magariba ta wuce aka kafa farin ƙyalle, jama'a su yi gaba suna turereniya, mu kuwa mu zagaya baya, wajen da yara da awaki suke. Inna ba ta son cikin maza, Baba kuma ya ce hoton ai ta baya ma yana fitowa, me za a je a sha tsinuwa a kai. Nan muke shimfiɗa tabarma dab da ƙyallen, mu ci dambu, mu kalli duniya.

To, wannan ne take nema, Halliru. Ni dai na gaji. Tun kaka rabona da ɗakina, maigidan yana haƙuri, amma ka san haƙurin namiji. Ban ce ka zo ka karɓe ni jinya ba, na san ba za ka iya ba. Ka kawo mata hoton kawai.

Ka huta lafiya.
Ni ce yayarka,
Hansai.

*

Kaduna,
3 ga Fabrairu, 1958.

Zuwa ga Yaya Hansai.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da tambayar lafiyar Inna da taki da ta Barakatu, ina sanar da ke takardarki ta same ni, kuma na fahimci abin da ke cikinta. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan jinya, ya ba ki ladarta. Rubutunki kuwa ya fi na wani akawun da muke da shi a nan.

Game da maganar majigi, Yaya, abin ba kamar yadda kuke zato yake ba. Motar ba tawa ba ce, ni mai kunna inji ne kawai. Inda aka ce mu je nan muke zuwa, kuma bana wajen Funtuwa da Gusau aka tura mu. Faifan da kuke magana ya tsufa, an daina fita da shi, yana can cikin sito. Kafin a fito da shi sai Baturen da ke kula da mu ya yarda, shi kuwa ba a samun ganinsa da sauƙi.

Filin Gwadabe ban manta da shi ba. Shi ya sa ni wannan aiki ai. Ina zaune a bayan ƙyallen nan nakan ce wa Baba ni zan zama mai haska shi, ya ce to, amma in fara koyon share majina tukuna. Har yau in na ji ƙamshin dambu sai in tuna tsamiyar nan. Amma batun amai, ke ce kika cika ni da ɗanwake kafin in hau, kin sani.

Sai dai akwai abin da nake so ki duba. Lokacin da aka ɗauki hoton nan, Baba ya riga ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, a shekararsa ta ƙarshe ne. Ba Baban da yake saɓa ni a wuya ne a ciki ba. Ina ganin gara a bar Inna da kamanninsa da take riƙe da su a zuci. Ki lallashe ta ta yarda a kai ta Kano, wannan ya fi hoto amfani.

Ki gaida Inna, ki ce ina neman albarka. Ki gaida maigidanki in ya zo kasuwa.

Naki mai biyayya,
Halliru Dalhatu.

*

Wudil,
ƙarshen watan Azumin Tsofaffi.

Halliru.

Sallama da gaisuwa, muna lafiya. Barakatu ta yi zazzaɓi amma ta tashi.

Na karanta wa Inna takardarka, na tsallake inda ya kamata a tsallake. Da na kai wajen "naki mai biyayya" sai da na yi tsaki. Biyayyar me? Ni ka rubuto wa ko Baturenku? Sito, izini, ba a samun ganinsa! Kai da ka taɓa haye kogi da iyo don an ce motar majigi ta maƙale a tsallake, yau ƙofar ofis ce ta gagare ka.

Ba kai za ka gaya mini yadda Baba yake a ranar ba, ina wurin, da tsohon cikin Barakatu. Kai ka riga ka tafi Kaduna. Masu ɗaukar hoto suka zo suka ga kayan Gwadabe, abin ya ba su sha'awa, suka ce a tara yara a hau. Baba ya ce shi ma a kai shi. Muka riƙe shi har filin, ya cusa mataccen hannun daman nan a cikin riga yadda ya saba. Ya sayi alewa, yara suka yanyame shi, yana miƙa musu da hagu, yana sunkuyar da kai. Mutumin da hannun damansa ya haye da rabin garin nan! Da muka dawo gida bai ci tuwo ba. Ka san tun da ciwon ya same shi bai ƙara cin abinci a zaure ba, don kada a ga yana kai loma da hagu. Duk wannan na sani, na fi ka sani, ni nake wanke masa hannun.

Amma Inna ta kafe. Ita kaɗai ce a gidanmu ta ga hoton a garin nan. Sau ɗaya aka kawo shi, bayan rasuwar Baba, ta fita takaba ke nan, ni ina Lajawa ina fama da goyo. Ta ce ita dai ta ga Malam da lafiyarsa ƙalau, yana kyauta kamar yadda ya saba. Na ce Inna, da hagu fa ya bayar. Ta ce, "Ke kika gani ko ni?" Na ce ai ina tsaye a gefensa. Ta juya mini baya, ranar ko kunu ba ta karɓa daga hannuna ba. Ko ruɗewar tsufa ce, ko mafarki ta yi ta haɗa da gaske, oho. Ni ban ƙara musu da ita ba, ba ni da ƙarfinsa.

Shekaranjiya ta matsa sai na kai ta filin. Muka tafi a hankali, tana riƙe da kafaɗata. Kai, Halliru, da ban je ba. Gara ta cinye jirgin ƙasa, saura gangunan. Jirgin sama ya faɗo, wata akuya ta haihu a ciki. Motar ce kawai a tsaye, an cire sitiyarin. Gwadabe yana nan gindin tsamiya, ya tsufa tukuf, ba haƙori, yana fafe ludayi. Ya ce yaran yanzu sun ga jirgin gaske a Kano, wa zai hau na katako. Da ya gane Inna sai ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ikko, saura mutum ɗaya!" Ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ji dariyarta tun bara. Ta laluba ta samo dutsen da muke jingina ƙwaryar dambu, ta zauna a kai, ta ce nan ne wurinmu.

A hanyar dawowa ta tambaye ni ko hadari ne ya taso. Rana tsaka, Halliru, ko gajimare babu. Yanzu in na kunna fitila sai na kawo ta dab da fuskarta take cewa ta gani. Malamin asibiti ya ce da wuya idon ya kai damina. Zancen Kano kuwa ka daina, ta ce sai dai a kai gawarta.

Ban san abin da kake gudu ba, amma na san gudu kake yi. In ba za ka kawo ba ka faɗa mini gaskiya, in san ƙaryar da zan yi mata, in huta da leƙen lori.

Yayarka,
Hansai.

*

Funtuwa,
1 ga Maris, 1958.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Barakatu lafiya. Takardarki ta biyo ni har nan, na karanta ta a gindin mota.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Faifan nan na haska shi a garuruwan da ban san iyakarsu ba. Baba ba ya daɗewa a ciki, ɗan lokaci ne tsakanin jirgin sama da motar Gwadabe. Amma akwai abokin aikina, Maikano, shi ne mai bayani a lasifika, mutum ne mai barkwanci, don shi ma wasu suke zuwa kallo. Duk lokacin da aka kawo wajen sai ya ce, "Jama'a, ga wani dattijo, kyauta da hagu! Yara ku karɓa da haƙuri, daman yana ajiye da shi sai ranar Salla!" Fili ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina tsaye a bayan inji, ni nake haska shi, ni nake daidaita hasken don a gan shi da kyau. Maikano bai san ubana ba ne, ban taɓa iya faɗa masa ba. Ranar da aka ce faifan ya tsufa a mai da shi sito, har sadaka na yi.

Wannan nake gudu. Inna tana riƙe da wani Baba mai lafiya da ta ƙera wa kanta, ke kuma kina so in ɗauko inji in zo in rushe mata shi a gaban mutanen gari. In shi ne abin da za ta gani na ƙarshe a duniya fa? Tsoho ya sunkuyar da kai don kunya, ana yi masa dariya?

Amma maganar hadarin nan da rana tsaka ta hana ni sukuni. Da Bature ya zo rangadi nan, na je na tsaya a ƙofarsa har ya gaji da ganina. An yarda. Za a tura mu Azare kafin azumi, hanya kuwa ta Wudil ta bi, an ce mu yada zango mu yi wasa ɗaya. An aiko mini da faifan. Jiya kuma na zaunar da Maikano na gaya masa ko wane ne dattijon. Ya tashi ya bar abincinsa.

Ki gaya wa Gwadabe a filinsa za mu kafa. Zan aika wa mutanen hakimi su ware wa Inna wuri a gaba, a shimfiɗa mata darduma kusa da inji, inda manya suke zama. In dai za ta gan shi, to ta gan shi a matsayin uwar mai majigi, ba a cikin awaki ba. Wannan kaɗai nake roƙo, ki taya ni.

Sai mun zo Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda.

Ƙanenki,
Halliru.

*

Wudil,
bayan tsakiyar Sha'aban.

Zuwa ga Halliru, a Azare, ta hannun Ya'u direba.

Assalamu alaikum. Ina fatan kun sauka lafiya. Mu dai muna nan yadda ka bar mu, in ma ka lura da yadda ka bar mu.

Ka kyauta. Ka tada mota da asuba, ka tsaya daga bakin ƙofa ka ce wa Inna "sai wani jiƙon" kamar baƙon da aka ba masauki, ko kunun da na dama maka ba ka taɓa ba. Fushi kake yi wai ta kunyata ka. To zauna in gaya maka abin da ba ka gani ba, tunda kai kana can gaba wajen injinka.

Na san ka yi ƙoƙari. Na ga dardumar, na ga matashin da ka aro, na ga yadda ka sa aka share filin har Gwadabe ya ɗaura wa motarsa sabon sitiyari na murfin tukunya. Na kuma ga fuskarka lokacin da ka zo ka kama hannun Inna a gaban mutanen hakimi, ta fizge ta ce, "Ni ba nan ne wurina ba." Ka ce Inna don Allah, ta ce Hansai kai ni wurinmu. Me kake so in yi? In ɗauke ta cak in dire a darduma? Na ja ta muka zagaya baya, ina jin idon mutane a bayana, ni ma kunyar ta kama ni. Ta sa na shimfiɗa tsohuwar tabarma dab da ƙyallen, har in iska ta kaɗa shi yana taɓa mata goshi. Dambun ma sai da ta sa na yi, na jingina ƙwaryar a dutsen nan.

Aka yi na noman gyaɗa, aka yi na tsabtar rijiya, ba ta ko ɗaga kai ba. Da jirgin Gwadabe ya fito, yara suka ɗau ihu, sai ta damƙe mini hannu. Can sai ga Baba. Ƙato, Halliru, ya cika ƙyallen, daga inda muke kansa har ya fi reshen tsamiya. Na ji Maikano ya ce, "Wannan Malam Dalhatu ne mai fito. Wanda ya taɓa shiga jirginsa ya yi masa addu'a." Ka ji yadda filin ya amsa, ba sai na gaya maka ba. Ka gaishe mini da shi, ka ce na yafe masa.

Ni kuwa na runtse ido, don na san abin da ke tafe. Sai Inna ta girgiza ni ta ce, "Ke mai musu, buɗe ki gani." Na buɗe.

Da dama yake bayarwa, Halliru.

Wallahi tallahi da dama. Ga shi tsaye, hagunsa a cikin riga kamar kowane dattijon kirki, yana miƙa wa yara alewa da hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Sunkuyar da kan nan da ni da kai muka sani na kunya ne, daga nan sai ka ga kamar duban yaran yake yi. Na rasa inda zan sa kaina. Sai da motar Gwadabe ta fito na ga sitiyarinta ya koma ɗaya gefen, sannan na gane. Ashe daga baya komai juyawa yake yi. Ka tuna muna yara muna faɗa da 'ya'yan maƙwabta, mu mu ce jirgin ya nufi kogi, su su ce gari ya nufa? Kai da kake kafa ƙyallen nan kullum ka fi ni sanin wannan, amma tun da ka samu inji ba ka ƙara zagayawa baya ba sai in za ka kori yara.

Ba ruɗewa ta yi ba, ba kuma mafarki ba ne. A wurinmu ta zauna wancan karon, abin da ta gani ke nan, shi take ta faɗa mana muna yi mata kallon tsohuwa. Na so in yi mata bayani, har na buɗe baki, sai na ce ina ruwana. Ta ɗaga hannu ta shafa ƙyallen daidai hannunsa, ta ce, "Sannu, Malam." Da ya wuce ta ce, "To, na gani. Tashi mu tafi." Shi ya sa da ka gama ka zagayo ba ka same mu ba, ba wai raina wahalarka muka yi ba.

Tun daga ranar ba ta ƙara cewa in leƙa lori ba. Jiya na kawo fitila dab da fuskarta, ta ce in daina ɓarnar kananzir. Na tambaye ta ko tana ganin hasken, ta ce a'a, kuma ba ta nema. Ta yarda bayan Salla za ta bi ni Lajawa, maigidan ya ce zai gyara mata ɗakin da ke kusa da nawa. Ko ba komai zan kwana a ɗakina.

Ni ban yi kuka a filin ba, sai da na zo wanke ƙwaryar dambu. Na gaji, Halliru, gajiyar da barci ba ya maganinta, amma na ga ubana da lafiyarsa, kuma kai ka kawo shi. Ka daina fushin banza ka rubuto wa tsohuwa, tana tambaya ko ka ci abinci a hanya.

Yayarka,
Hansai.

*

Azare,
18 ga Maris, 1958.

Yaya,

Gaisuwa. Ya'u ya kawo takarda.

Jiya ne wasanmu na ƙarshe kafin azumi, gobe faifan zai koma sito. Da aka zo wajen jirgin Gwadabe na ce wa Maikano ya riƙe mini inji. Na zagaya baya, na zauna a ƙasa cikin yara. Wata yarinya ta matsa mini, ta ce in sunkuya ina tare mata.

Na gan shi.

Ki ce wa Inna na ci abinci. Ki ce ta yafe mini, ina nan tafe da Salla, ni zan riƙe ta zuwa Lajawa. Ki yi dambu.

Halliru.